Ranar da Aka Duba Albasa a Aliero

Na'urar duba ƙananan halittu guda ce tak mai aiki, kuma makarantun 'yan mata uku ke rabonta. A Jega take kwana. Idan jarrabawa ta matso, direba Solomon zai naɗe akwatinta da bargo kamar jaririya, ya kai ta Aliero da safe, kafin azahar kuma ya juya da ita Maiyama.

Malama Jemimah 'yar Zuru ce, bana ta fara koyar da ilimin halittu a makarantar Aliero. 'Yan ajinta na ƙarshe sun zana ƙwayar halitta har sun gaji, amma babu wadda ta taɓa ɗora ido a kan na'ura, ga jarrabawar gwaji a bakin ƙofa. Safiyar nan ɗaya ce rabonsu. In ta wuce, sai baɗi, kuma baɗi sun riga sun fita.

Saboda haka ana gobe ta ce musu, "Kowa ta zo da albasa guda, za mu duba ta a na'ura."

Iklima da Tasalla, da ke zama benci ɗaya, suka kalli juna. Jemimah ta ɗauka murna ce.

Washegari tun daga nesa hancinta ya ba ta labari. Da ta shigo harabar makaranta sai ta tsaya cak. Babura, kura, amalanke, har da jaki ɗaure a jikin sandar tuta. Buhunan albasa jingine da bangon aji, wasu an buɗe bakinsu an jera manya a sama. Magidanta kuwa sun cika inuwar dogon yaro, kowa da hular zuwa biki.

Shugabar makaranta, Hajiya Tabawa, tana tsaye a baranda ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Malama, a Aliero, garin manoman albasa, kika ce za a duba albasa da na'ura? Ai da kin tambaye ni!"

Kafin ta amsa, wani dogon dattijo ya tare ta. Malam Haliru ne na Kashin Zama, mahaifin Iklima, riƙe da albasa kamar kan jariri.

"Malama, barka da zuwa. Mun ji an kawo injin da ka tantance albasa. Ki fara da wagga, ki huta."

"Ki fara da ita, ta bakinai," in ji wani gajere daga bayansa, Malam Gidaɗo na Jiga Makera, mahaifin Tasalla. "Injin shi fara da mai ruwa-ruwa kahin shi zo ga albasa."

"Kai Bahillace, yaushe ka aje sanda har ka san albasa?"

"Tun randa na ga taka ta ruɓe cikin rudun ajiyarka!"

Aka kwashe da dariya. Jemimah ta ɗaga murya ta yi bayani: ba gasa ba ce, darasi ne, kuma tantanin nan na ciki kawai ake buƙata, wanda bai kai farce ba.

Malam Haliru ya dubi albasarsa, ya dube ta. "Tantani? Duk wagga?"

"Kunyarka taka ji," in ji Gidaɗo. "Ta gane sakamakon tun daga nesa."

Nan gardama ta koma sabuwa. Solomon ya riga ya ajiye na'urar a tebur kusa da taga, magidanta suka yi mata zobe, 'yan matan kuma aka matse su a ƙarshen aji, ba sa hango komai sai huluna. Rana na ta hawa. Solomon ya raɗa mata cewa malamin Maiyama ya riga ya kira shi.

Jemimah ta ji hawaye na zuwa, ba ta san ko na takaici ba ne ko na albasa. Sai jakin nan ya zuro kai ta taga ya yi kuka, dariya ta kufce mata. Ta riƙe tebur tana yi, ta kasa tsayawa, 'yan mata suka kama, Hajiya Tabawa ta zauna a kan buhu. Cikin dariyar ne dabara ta zo mata.

"Iyayena," ta ce tana share ido, "kowa zai leƙa. Amma ga sharaɗi. Ba mai sa ido sai 'yarsa ta ɓare tantanin da kanta, ta shimfiɗa a gilashi, ta ɗiga aidin, ta saita, sannan ta gaya masa abin da yake gani."

Ai kuwa kafin ta rufe baki zoben ya buɗe.

"Tasalla! Ke Tasalla, ina kike? Taho gaba!"

"Iklima, kak ki bari ɗiyar Bahillace ta riga ki!"

'Yan matan da ko tambaya ba sa iya amsawa da ƙarfi, sai ga su ana turo su layi. Waɗanda iyayensu ba su zo ba suka ari na wasu. Glory, 'yar ma'aikacin asibiti, ta ari Solomon, ya cire hula ya shiga sahu.

Iklima ce ta fara. Tantanin ya naɗe, ta sake ɓare wani. Ta murza mariƙin na'urar a hankali tana leƙe, sai ta yi tsalle.

"Malama! Ga su! Wallahi kamar jerin bulo! Ga ɗigon nan a ciki!"

Mahaifinta ya sunkuya, ya rufe idon da ya kamata ya buɗe, aka gyara masa. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Ikon Allah," ya ce. "Ɗakuna na a ciki. Shekara nawa ina cin gidaje ban sani ba."

Layi ya tafi kamar ruwa. Kowace ta ɓare, ta ɗiga, ta saita, ta yi wa ubanta karatu. Jemimah na zagayawa tana gyara hannu, tana ji kamar ta taka rawa.

Da aka gama, Gidaɗo ya gyara tsayuwa. "To Malama, mun gani. Yanzu ta wa ta hi?"

Iklima ta ɗaga hannu, abin da ba ta saba ba. "Malama, kowa ya san tasa ce aka ɗora, dole ya ce ta yi kyau. Su juya baya, mu ɗora wadda ba su sani ba, in da bambanci su gane."

Dattawan biyu suka juya baya suna cika baki. Iklima da Tasalla suka yi ƙus-ƙus, suka shirya gilashi.

Haliru ya leƙa. "Tawa ta. Dubi jeri, ba karkata. Irin Kashin Zama ke nan."

Gidaɗo ya ture shi ya leƙa. "Ƙarya kake! Wanga cika sai ƙasar Jiga Makera."

Tasalla ta kasa riƙewa. Ta ɗaga wata 'yar albasa ƙanƙanuwa, yamutsattsiya, har ta fara tsiro. "Baba, ta Malama ce. Daga jakarta muka ɗauko."

"A kasuwar Jega na saya," in ji Jemimah.

Aji ya rushe. Dattawan biyu suka dubi juna, sai Haliru ya dafa kafaɗar Gidaɗo.

"To Jega ɗin daga ina sunka samo ta?"

"Wurinmu mana!" in ji Gidaɗo. Suka tafa.

Solomon ya naɗe na'urar da bargonta tun ladan bai kira azahar ba, aka cusa masa buhun albasa guda ya kai Maiyama. Jemimah ta tsaya a ƙofar aji ta ce kowa ta nuna hannu. 'Yan mata suka wuce ɗaya bayan ɗaya, kowace da tabon aidin a yatsu, babu wadda ta fita da hannu fari.

Hajiya Tabawa ta zo tana kaɗe ɓawon albasa daga zanenta. "Mako mai zuwa me za ku karanta?"

"Ƙasusuwan jikin mutum, Hajiya."

Hajiya ta waiga ta dubi magidantan da ke tayar da babura. Rabinsu 'yan gidan masu ɗorin karaya ne. Ta kama hannun Jemimah gam.

"Don girman Allah, Malama, kada ki ce kowa ta zo da komai."