Kamu Goma Sha Huɗu na Murya

Shekara shida da samun 'yancin kai, cikin kakar gujjiya, aka aiko wa lakwal, makarantar boko ta Maijirgi, da wani akwati mai madauri, mai faifai biyu a ka suna juyawa. Manyato ake ce masa. Ka yi magana ya haɗiye, a danna ya amayo maka ita yadda ka faɗa, har da tarinka. Ranar da aka fara gwada shi yara suka watse da gudu, wani tsoho kuwa ya tofar da yawu ya ce shi dai kada a kusanto masa da abin.

Wanda ya kawo shi Mushe Cha'ibu ne, mai ba malamai shawara daga ofishin ilimi na Tasawa. Mushe ake ce wa duk malamin lakwal. Ya zauna a kan benci ya yi wa malamin ajin, Mushe Na Allah, bayani. Wasu masu bincike a Yamai sun gaji da duba dikte, wato shifta, a takarda, suna so su ji da kunnensu yadda yaran ƙauye ke magana da Faransanci. Kowane yaro zai faɗi sunansa, ya amsa tambayoyi, ya ba da labarin gidansu. Da zaren da ke naɗe a faifan yana ɗaukar muryoyin kuma za a auna malamin kansa.

"Doka ɗaya ce, Na Allah," in ji Cha'ibu. "Ba a yanka zare. An taɓa samun wanda ya datse muryoyin daƙiƙan ajinsa ya liƙe. Tun daga nan, zaren da aka ga tabon reza a jikinsa ba a ko saurarensa. Sifiri ne, a kuma rubuta maka ha'inci."

Na Allah ya ce ya ji. Ai dole ya ji! Shekara tara ke nan yana monita, malamin riƙon ƙwarya, ba a tabbatar da shi ba. Sau biyu ansipekta mai duba malamai yana zuwa, sau biyun yana tarar da rabin aji a gona wajen cirar gujjiya. Abokan karatunsa duk sun zama diraktocin lakwal, shi kuwa yana nan da wandonsa kaki guda biyu. Wannan karon ba ya tsoron komai, don yana da yara talatin da ɗaya, cikinsu kuma akwai Zara'u.

Zara'u ɗiyar Namadi mai amalanken jaki ce, shekararta goma sha ɗaya. 'Yar siririya, ga baki kamar me. In mushe ya yi kuskure a allo ba ta ɗaga hannu, sai ta yi ta kallon wurin har ya gane ya goge. Ranar ɗaukar murya yara da yawa suka daskare gaban manyato, wasu suka yi ta in-ina, wani ya fashe da kuka. Ita kuwa ta gyara tsayuwa ta zuba Faransanci minti biyu da rabi ba tuntuɓe, har da dariya a ƙarshe. Na Allah ya kashe na'urar. Ya san da wannan muryar kaɗai ya haye.

Ran Alhamis ke nan. Ran Lahadi ta ce wuyanta na ciwo. Ran Talata da hantsi aka kai ta makwanci. Sanƙarau ne, ba ya jiran a ɗaura wa jaki amalanke.

Na Allah ya je gaisuwa. Ya ga kakar yarinyar, wadda ta raine ta tun yaye, tana birgima ana riƙe ta. Can gefe kuma, bakin rumbu, ya ga Shatu, uwar da ta haife ta, zaune tana tsince wake a faifai, idonta a bushe. Ba wanda ya yi mamaki. Zara'u ɗiyar fari ce. Uwa ba ta kiran sunan ɗiyar fari, ba ta wasa da ita gaban mutane, ba ta kuma yi mata kuka a fili. Shekara goma sha ɗaya Shatu tana cewa "waccan", ko "yarinyar nan". Haka uwarta ta yi mata, haka aka yi wa uwar tata.

Bayan kwana bakwai, an tashi daga aji da la'asar, Na Allah yana kakkaɓe alli daga hannunsa, sai ya ga mace tsaye bakin taga da tulu a kai.

"Sannu da aiki, Mushe."

"Yawwa, Shatu. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Na zo ɗaukar allon yarinyar nan."

Ya miƙa mata ɗan allon dutsen ta taga. Ta karɓa ta soke a zane, amma ba ta tafi ba. Ta dubi ƙasa, ta dubi hanya ko wani na zuwa.

"Yara sun ce ka kulle muryoyinsu cikin akwati."

"Haka ne."

"Har da ta waccan?"

Ya ce har da tata. Ya jawo manyato bakin taga, ya juya zaren baya yana lalube har ya kai wurin, ya danna. Aka ji shuuu, aka ji muryarsa yana tambaya, sannan ƙaramar murya tsaf kamar tana tsaye cikin ɗakin: "Je m'appelle Zara'u Namadi."

Ruwan tulun ya fantsalo a kafaɗar Shatu. Ta sauke shi a hankali ta dafa bango. Minti biyu da rabi tana sauraren ɗiyarta cikin harshen da ba ta san ko kalma ɗaya ba, in ban da sunan nan na farko. Allah sarki. Da dariyar ƙarshe ta wuce, muryar wani yaro ta shigo, Na Allah ya kashe.

"Mi ta ce?"

Ya faɗa mata yadda yake, bai ƙara ba bai rage ba. Yarinyar ta ce gidansu akwai jaki da kaji bakwai. Ta ce kakarta na da faɗa amma ba ta duka. Ta ce uwarta ba ta yi mata magana, amma kullum da safe tana tarar da fura a ƙaramar ƙwarya bayan randa, an rufe da faifai, kuma ta san wanda ke ajewa.

Shatu ta ja gefen mayafi ta rufe baki.

"Ashe ta sani," ta ce. Can kuma ta ce, "Maido mini farkon."

Ya maido. Sau huɗu tana cewa a maido, shi kuma yana maidowa, ko da yake ya san pil, wato batiran na'urar ƙididdigaggu ne. Daga ranar kullum da la'asar sai ta biyo da tulunta, ta tsaya bakin taga kamar mai hutawa. Ba su ƙara wata magana ba bayan gaisuwa. Ya danna, ta saurara, ta ɗauki tulu. A kwana na biyar pil suka yi sanyi, muryar ta fara ja kamar mai jin barci, Shatu ta ce a kashe, ba ta son jin ta haka.

Ran Alhamis Cha'ibu ya iso a gaban wani kamyo, babbar motar gujjiya, da zai koma Tasawa da zarar an gama lodi. Suka gaisa, ya yi ta'aziyya, ya sa sababbin pil ya ɗanɗana zaren nan da can. Da ya zo kan Zara'u ya ɗaga gira.

"Kai! Wannan kaɗai ta isa. Bana ka fita, Na Allah."

"In an gama da zaren, ana maido da shi?"

Cha'ibu ya yi dariya, ba ta mugunta ba. "Zare shida gare mu duk ƙasar Tasawa. A saurara, a ba da maki, a shafe. Wanga sati mai zuwa yana Urafane, yaran can za su hau kansa."

"Ba a iya kwafe wuri ɗaya?"

"Da wace na'urar? Sai da biyu ake kwafi, mu kuwa ga tamu nan gabanka."

Na Allah ya ba shi labarin taga da tulu. Cha'ibu ya cire hula ya shafa kai. Shi ma ɗan fari ne, bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Amma ya ce zaren ba nasa ba ne, an ƙirga shi, an sa masa lamba, in bai kai shi ba shi za a tambaya. Ya ce ko an bar mata ma, da me za ta ji? Manyato zai tafi yau, Allah kaɗai ya san ranar da wani zai sake zuwa Maijirgi.

Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce ta fi ɓata wa Na Allah rai. Ya tsaya yana kallon faifan nan biyu. Ya tuna shekara tara. Ya tuna matarsa Adama, wadda ta riga ta fara gaya wa maƙwabta bana za su koma gari. Yana son tabbatarwar nan, wallahi yana so, har cikin ƙashinsa. Ba wani waliyyi ba ne. Amma ya kasa fitar da abu ɗaya daga kansa: sati mai zuwa wani yaro a Urafane zai tsaya gaban akwatin nan yana in-ina, kowace kalma ya furta tana goge ta Zara'u, kuma ba wanda zai san an yi.

Direban kamyo ya danna oda daga bakin kasuwa.

Na Allah ya buɗe durowa ya ɗauko rezar da yake fiƙe fensir da ita.

"Kai, Na Allah! Ka yi hankali!"

Ya juya zaren da yatsa har daidai inda muryarsa ta gama tambaya, ya datse. Ya ƙulla bakin don kada ya ɓace masa. Ya tsinke wani guntun kara daga dannin bayan aji ya fara naɗewa, yana ja yana naɗewa, har wurin dariyar, ya sake datsewa. Siririn abu ne ruwan ƙasa, mai sheƙi ta gefe ɗaya. Da ya auna da hannu, kamu goma sha huɗu ne. Ya liƙe sauran da 'yar takardar danƙo da ta zo cikin akwatin. Tabon ya fito fari ƙal, ko makaho ya shafa zai ji.

Cha'ibu ya zauna jagwab a kan benci.

"Ka san sai na rubuta."

"Rubuta."

"Zan rubuta dalili ma. Amma kada in ruɗe ka, waɗanda ke can ba dalili suke karantawa ba, tabo suke dubawa. Kuma ko sun saurara, ka cire wadda za ta fid da kai."

"Na sani, Cha'ibu. Tashi kada mota ta bar ka."

Ya raka shi har bakin kamyo, ya miƙa masa akwatin bayan ya hau. Ba su yi musafaha mai tsawo ba. Motar ta tashi da buhunanta, Na Allah ya juyo. Baƙin ciki yake ji, ba ya ɓoye wa kansa. Shekara ta goma ke nan za ta same shi monita, in ma ba a jefa shi wani ƙauyen da ba rijiya ba, kuma bai san da bakin da zai gaya wa Adama ba.

Ya tarar da Shatu bayan gidansu ƙarƙashin itacen bedi, ita kaɗai, tana ɓarar gujjiyar iri. Ya yi sallama daga nesa ya durƙusa.

"Akwatin ya tahi," ya ce.

"Na ji tashin motar." Ba ta ɗago ba.

Ya ajiye karan a gefen tabarmarta. Ta dube shi, ta dubi mushe.

"Nata ne. Daga farko har dariyar. Amma in gaya miki gaskiya, ba ya magana sai da akwati, akwati kuwa ban san ranar dawowarsa ba. Wataƙila ba za ki sake ji ba."

Ta goge hannu a zane sau biyu kafin ta ɗauka. Ta juya shi, ta kai kunne, ta saurara. Ba komai, ai ya gaya mata. Ba ta tambaye shi abin da ya biya ba, shi ma bai faɗa ba. Ta shafa naɗin da babban yatsa yadda mata ke shafa zare a mazari.

"Mushe, ta wane gefe sunan yake?"

Sai a nan ya ga abin da gaggawa ta sa ya yi. Ƙullin da ya yi shi ya fara naɗewa, yana can ciki jikin kara, dariyar ce a waje. Ya ce ta ba shi ya warware. Ta ce a'a, ita za ta yi. Ta shimfiɗa mayafinta a ƙasa don kada ya taɓa rairayi, ta dinga warwarewa kamu bayan kamu, zaren yana taruwa a cinyarta, har ta kai ga ƙullin.

"Nan?"

"Ƙasa kaɗan. Kamar tsawon yatsa biyu."

Ta kama wurin. Na Allah ya miƙe ya juya baya, don bai kamata ya gani ba. Bai yi taku biyar ba ya ji ta, ƙasa ƙasa, da muryar da ba ta saba da kalmar ba.

"Zara'u," ta ce. Ta numfasa, ta sake cewa, "Zara'u."