Cokali a Jikin Bututu

"Ƙarfe nawa, Nuriya?" Rafkat abiy, wato yaya Rafkat a harshenmu, ya tambaye ni, karo na huɗu tun azahar.

"Uku da rabi. Sai huɗu za su fara. Ka bar agogon nan ya huta mana."

Ya yi murmushi, ya lumshe ido. Ciwon huhu ya cinye shi har zobensa ya koma babban yatsa.

Shekara talatin muna maƙwabtaka a hawa na uku a Kazan, bango ɗaya ne tsakaninmu, bangon kuma ba ya rufa wa kowa asiri. Shi mai goge ne, irin wanda ake maƙalewa a haɓa. Shi da Dilyara mai fiyano sun zaga ƙasashe su biyu rak, suna jiyar da baƙi waƙoƙinmu na Tatar. Baƙi suna biya su saurara, ni kuwa kyauta nake sha har kaina ya yi ciwo. Idan abin ya ishe ni sai in ɗauki cokali in buga bututun ɗumama ɗaki sau uku. Nan take zai daina, da safe kuma mu haɗu a matakala ya ce, "Barka da asuba, shugabar makaɗa."

Aikinsa na ƙarshe wata waƙa ce da mahaifiyarsa take yi a ƙauye ranar da mata suke taruwa figar dinya. Shekara biyu yana gyara ta don goge da fiyano, ba a taɓa kaɗa ta gaban jama'a ba. Ran nan ne Dilyara za ta kaɗa ta a Helsinki tare da wata ɗalibarsa, ana nunawa kai tsaye ta waya. Abin da ya roƙe ni ke nan, in riƙe masa wayar ya ji.

Huɗu saura kwata numfashinsa ya canza. Yayarsa Gulsum apa, wadda ta zo daga ƙauye tun jiya da ƙunshin likkafani da tawul-tawul na sadaka, ta gyara ɗankwali ta buɗe Alƙur'ani. Da ta ga waya a hannuna sai ta tsaya.

"Mene ne wannan?"

"Apa, waƙar ce. Minti huɗu kacal. Ya roƙe ni."

"Yarinya, shekara sittin yana jin goge. Yanzu kuma a bar shi ya ji Yasin."

Ni da nake da jikoki biyu ake ce wa yarinya. Na dubi Rafkat abiy ko zai sa baki, amma idonsa a rufe. Gaskiyarta ce, kuma ɗan'uwanta ne. Na fita kamar an tsamo ni daga ruwa.

A ɗakina na zauna a ƙasa, kusa da bututun. Gadonsa na bayan bangon nan daidai. A wayar, Dilyara ta fito cikin baƙar riga, ta faɗi sunansa, aka tafa. Ban san lokacin da na ƙure ƙarar wayar na manna ta a jikin ƙarfen ba. Gogen ya ɗauko waƙar a hankali, waƙar da na sha katsewa da cokali ba sau ɗari ba. Ashe daɗi gare ta haka. Kunya ta kama ni, ga hawaye.

Ba a kai rabi ba sai bututun ya amsa. Sau uku.

Tunda nake ba a taɓa buga mini ba. Na ce a raina in ƙyale, saura minti biyu, wa zai mutu don minti biyu? Sai na ji abin da na faɗa, tsoro ya kama ni, na kashe.

Wajen biyar saura na ji an buɗe ƙofarsu. Da na shiga, Gulsum apa ta riga ta ɗaure masa haɓa da farin ƙyalle, ta rufe madubi da mayafi. Muka yi salati tare. Ta shiga kicin ta tsaya gaban tukunyar shayi, ba ta kunna wuta ba.

"Apa, ki yafe mini."

"Ba don haushi na buga ba," ta ce, ba ta juyo ba. "Karatun ne ya gagare ni. Ina buɗe baki sai in ji Inna a bakin rafi, hannunta duk gashin dinya. Aya ɗaya na maimaita sau uku."

"Shi fa? Ya ji?"

Ta daɗe tana goge kofin da ba shi da datti.

"Yatsunsa na hagu suna ta tafiya a kan bargo. Da kika kashe suka tsaya a sama, suna jira." Ta ajiye kofin. "Na so in ce ki mayar. Ban san yadda ake buga wannan a bututu ba."

Wayar ta fara ruri a aljihuna, Dilyara ce. Na koma ɗakinsa na zauna a bakin gadon, ban ɗauka ba. Cokalin da muke ɗiga masa ruwa a leɓe yana nan kan bututun inda Gulsum apa ta bar shi, da ɗan ruwa a cikinsa.