Ƙimar Yau ta Fanshon Kawu

Kawu ya yi shekara talatin da ɗaya a masaƙa, a ɗakin da injuna suka fi ƙara, har kunnensa na hagu ya daina ji. Da albashin nan ya biya min kuɗin makaranta bayan rasuwar mahaifina, kuma shi ya kai ni wurin shugaban ma'aikata da na gama karatun akanta. Aka ɗauke ni aiki a ofishin kuɗi. Tun daga ranar ya daina kiran sunana, sai dai Akanta, musamman in akwai baƙi.

Shekara huɗu da ritayarsa aka sa masaƙar a kasuwa. Masu saye suka ce suna son injuna da gini, amma ba za su gaji tsofaffi ba. Mutum ɗari biyu da goma sha huɗu ne ke karɓar fansho duk wata. Manajan kuɗi ya kira ni, ya turo min fayil, ya ce in fitar da ƙimar yau ta fanshon kowa, a biya su a dunƙule a huta.

Aikin ba baƙo ba ne a wurina. Dubu ɗari da za a ba ka baɗi bai kai dubu ɗarin da ke hannunka yau ba, domin na hannu za ka iya juya shi ya haihu. Shi ya sa duk kuɗin da ke gaba sai an zaftare masa wani abu kafin a ce ga abin da ya kai yanzu, kuma wanda ya fi nisa shi ya fi shan zaftara. Abin da ya rage shi ake kira ƙimar yau. Lambobi biyu ne ke riƙe da lissafin: kashi nawa za a zaftare duk shekara, da kuma shekara nawa ake sa ran mutum zai ci gaba da karɓa.

Na sa kashi takwas cikin ɗari. Manaja ya zaro biro daga aljihu ya soke, ya rubuta sha biyu, ya ce haka kasuwa take. Ban yi musu ba. Shekarun kuwa akwai jadawali da ake dubawa, a ga shekarun mutum da irin aikin da ya yi. Da na zo kan layin Kawu, jadawalin ya ce sha ɗaya. Na tashi na sha ruwa, na dawo na rubuta. Dubu arba'in duk wata na shekara goma sha ɗaya ya haura miliyan biyar. Bayan zaftara ya dawo miliyan biyu da dubu ɗari takwas da hamsin.

An tara tsofaffin a ɗakin cin abincin ma'aikata, kan dogayen bencin da suka sani tun suna samari. Kawu na gaba, ya karkato kunnen dama. Manaja ya yi ta bayani, ya ce wanda bai sa hannu ba, sai dai ya jira masu saye, kuma ba wanda ya san halinsu. Tsofaffin suka fara gunaguni. Sai Kawu ya miƙe ya ce a bar ɗiyarsa ta yi magana, ita zai gane. Na tashi na yi musu misalin dubu ɗarin baɗi da na bana. Suka gyaɗa kai, domin kowa ya taɓa ba da bashi aka biya shi a makare. Ban ambaci sha biyu ba, ban ambaci jadawali ba, kuma ba wanda ya san abin da zai tambaya.

"Akanta," in ji Kawu, "in da ke ce, za ki sa hannu?"

Manaja na gefena yana wasa da murfin biro.

"Lissafin daidai yake, Kawu."

Ya sa hannu. Sauran suka yi layi a bayansa, don shi ne shugaban rukuninsu shekara da shekaru. Mutum tara ne kawai suka ƙi, aka yi ta musu dariya a bakin ƙofa, ana cewa taurin kai ya hana su arziki.

Shekarar farko Kawu ya canza kwanon rufin gida, ya biya kuɗin aikin idon Inna, matarsa, ya sayi injin niƙa ya kafa a zaure. Ni kuma masu saye suka riƙe ni, suka ƙara min girma. Daga nan farashi ya tashi bai waiwayo ba. Wuta ba ta zama, man janareta ya cinye ribar niƙa, injin ya ƙone sau biyu, a na uku aka sayar da shi ga 'yan gwangwan, masu sayen tsoffin ƙarafa. Kafin shekara shida kuɗin ya ƙare tas. Mutum taran nan kuwa kotu ta ce dole a ci gaba da biyansu, har da ƙari in kaya sun yi tsada. Duk ƙarshen wata Kawu na ganin ɗayansu yana wucewa ta layinsu zuwa banki.

Abokan aikinsa suka daina zama a ƙofar gidansa. Wani ya faɗa masa a gaban mutane cewa shi da ɗiyarsa sun ci kasonsu. Bai rama ba. Ni ma na rage zuwa. Ina aika kuɗi ta hannun Inna, ita ta san yadda take cewa sun fito.

A shekara ta goma sha huɗu Inna ta bugo min waya ta ce yana nemana. Na same shi a zaure, kan tabarma, a daidai inda injin ya bar tabon baƙin mai a siminti. Ya rame, amma idonsa garau. A gabansa akwai takarda. Ɗan wani daga cikin mutum taran lauya ne, shi ya samo kwafin lissafin a takardun kotu, ya zauna ya karanta masa layinsa dalla-dalla.

Ya amsa gaisuwata har ƙarshe, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ɗora yatsa kan takardar.

"Wannan rubutunki ne?"

Na ce nawa ne.

"Sha ɗaya kika ba ni."

Na fara cewa jadawali ne, ba ni ba, kuma haka ake yi ko'ina. Ya bar ni na gama. Ya ce shi bai ce lissafin ƙarya ba ne, lauyan ma ya tabbatar masa ba kuskure ko ɗaya. Ya ce abokinsa mai gyaran bel ɗin injuna, wanda ya rasu shekara biyu da karɓar kuɗin, shi ne kaɗai ya ci riba a cikinsu, ya yi wa kamfani wayo. Ya ɗan yi dariya, tari ya katse ta.

"Ni kuma na zarce da uku," in ji shi. "In kin koma ofis ki ba su haƙuri."

Na kasa ɗaga kai. Ya ce ya san kuɗin da Inna ke cewa na adashi ne daga ina yake fitowa, ya daɗe da sani, kuma zai ci gaba da ci domin yunwa ba ta bar masa zaɓi ba. Amma kada in ƙara wahalar da kaina da zuwa, aike ya isa.

Ya ninke takardar ya tura ƙarƙashin tabarma, ya kira Inna ta raka ni. Ta rako ni har bakin titi, da mota ta tsaya ta ce kuɗin maganinsa ya ƙaru, in da hali in ɗan ƙara a na wata mai zuwa.