Jan Akwati

Tun da na ga jan akwatin harsashi a kan teburin aikina ranar Talata da safe, na san akwai abin da zai lalace.

Shekara ashirin ina haɗa wa libarbata, bindigar hannu mai ganga, harsashi da hannuna. Magnum ce mai naushi. Duk harsashin da ba a matse bakin kwansonsa ba, naushin harbi yakan zaro dalmarsa waje kaɗan-kaɗan, har gangar bindigar ta ƙi juyawa. Shi ya sa waɗanda na matse suke shiga jan akwati, waɗanda ban kai ga matsewa ba suna jira a kore.

'Yata Corinne ta tafi farautar beyar, ƙaton naman dajin nan mai farmaki, a tsibirin Kodiak da bindigar. Ga jan akwati. Koren ne babu.

Na tsinci guda biyar na koren akwatin da suka rage a kan tebur, na zuba a tsohuwar libarbar ƙanina, na fita bayan gida. Harbi biyu suka tashi. A na uku ganga ta cije, ko motsi.

Na kira Gus, direban ƙaramin jirgin da ya sauke Corinne a bakin tafki.

"Dwight, tsohon banza, yau kuma me ka ɓatar? Haƙoranka?"

"Gus, ka tashi jirgi yanzu. Harsashin da ke hannunta harbi biyu kawai zai yi, bindigar ta cije."

Ya daina dariya. "Hazo ya rufe dutse, ko ƙarshen fiffikena ba na gani. Sai Alhamis, in an yi sa'a."

"Zan zo in zauna a gaba in nuna maka hanya!"

"Mu mutu mu biyu, wa zai ɗauko ta? Tura mata saƙo."

Na tura sau tara. Amma ni na koya mata ta kashe na'urar saƙo in tana bin sawu, kada ƙara ta kori dabba.

Matata Lorna ta tsaya a ƙofa. "Wa ya miƙa mata akwatin?"

"Ni. Ina magana da Gus a waya, ban duba ba."

Ta ɗauke kofin shayina da ya huce.

Yau Laraba, hazon bai ɗaga ba. Ban sani ba ko ta kunna na'urar, ban kuma sani ba ko ta riga ta yi harbin farko.