Me Kake Jira, Mota?

"Ina jin lokacina ya yi," in ji Barkono.

Tela yana riƙe da kofin ruwa, ya rasa inda zai ajiye shi. Ɗakin duk warin magani, fanka tana juyi kamar an tilasta mata. 'Yar Barkono, wadda ta taso daga garin da take aiki don jinyar mahaifinta, ta ɗago ta dubi Tela, wato ya ce wani abu mana.

Abin da ba ta sani ba, Tela ya ji wannan magana ya fi sau dubu. Ƙofarsa tana kallon ta Barkono, kuma shekara ashirin da shida ke nan suna wasan barkwanci tare a wani ƙaramin zaure mai kujera sittin, inda ake karanta waƙoƙi ran Laraba, a yi wasan kwaikwayo ran Alhamis, Asabar kuwa tasu ce. Barkono yakan fito yana dafe da ƙugu, ya ja kunnensa na hagu, ya ce lokacinsa ya yi. Tela ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "To me kake jira, mota?" Shi kuma ya ce, "Kai nake jira ka shige gaba, ai ka girme ni." Daga nan sai zaure ya rushe da dariya, har da waɗanda suka haddace wasan.

To amma yau a gado yake, kuma hannun da ke jan kunnen ya kwana goma ba ya ɗaguwa. Kansa ma ya fara juyewa. Jiya ya kira matarsa da Inna, kamar uwarsa ce, ya nemi a kawo masa takalmin makaranta. Wasa yake yi, ko kuwa gaskiya yake faɗa wa amininsa? In gaskiya ce Tela ya mayar masa da shaƙiyanci a gaban 'yarsa, ina zai sa kansa? In kuma wasa ne ya yi shiru, ya bar abokin aikinsa a tsaye ke nan, abin da bai taɓa yi ba ko ranar da haƙori ya kumbura masa fuska.

"Haba, daina faɗin haka," in ji Tela. "Za ka tashi, da yardar Allah."

Barkono ya zuba masa ido, ya daɗe, sannan ya juya fuska ga bango.

"Gajiya ce, Kawu," in ji 'yar. "Ka ga ya ji daɗin maganarka."

Tela dai bai ga alamar jin daɗi ba. Ya koma shago ya ɗinka hannun riga a baibai, ya farke, ya sake ɗinkawa a baibai. Da ya ga abin ba na yi ba ne sai ya rufe ya nufi zauren. Ya tarar da Manaja, matar da ke kula da wurin, a kan tsani tana canza ƙwan fitila. Ya kwashe duka ya gaya mata.

"Ya ja kunnen?" ta tambaya.

"Da wane hannu?"

"To, idonsa fa? Ya yi maka wannan kallon nasa na marasa gaskiya?"

"Ni na sani? Idon ya faɗa ciki."

Ta sauko tana karkaɗe hannu. "Kai ka tsaya kusa da shi shekara ashirin da shida, ni tikiti nake yagawa. In kai ba ka sani ba, wa zai sani?"

Washegari da hantsi ya koma. Barkono ya ƙara ƙanƙancewa a cikin zanen gado, numfashinsa yana fita da ƙyar. Matarsa tana tsaye a bakin ƙofa da tawul a kafaɗa. Ita ba ta taɓa taka zauren ba, cewa take yi haukan da take ji ta bango in suna gwaji ya ishe ta.

Tela ya zauna. Tsoro yake ji ƙwarai, tsoron kada mutumin ya sake faɗa, da tsoron kada ya ƙi sakewa.

Can leɓen Barkono ya motsa. "Ina jin... lokacina ya yi."

Babu jan kunne, babu kallo, babu komai da mutum zai kama. Tela ya dubi abokinsa sama da ƙasa.

"To me kake jira, mota?"

"Kawu!" 'Yar ta miƙe zumbur. "Kawu, lafiyarka kuwa? Mahaifina kake gaya wa haka?"

Tela bai dube ta ba, bakin Barkono yake kallo. Bakin ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa, iska kawai ke fita. Shi ke nan, in ji Tela a ransa, na zagi mutum a kan gadon mutuwarsa.

Sai murya ta fito daga bakin ƙofa, a dake, ko gargada babu.

"Kai yake jira ka shige gaba, ai ka girme shi."

'Yar ta juya tana kallon uwarta, ta dawo kan Tela, ta rasa wanda ya fi wani zarewa. Ƙirjin Barkono ya girgiza sau uku, hawaye ya gangaro masa ta gefen ido zuwa kunne. 'Yar ta ce tari ne, ta ruga neman ruwa. Matar ta ce dariya ce, ita ta san dariyar mijinta. Tela ya riƙe hannun da ya daina ɗaguwa, ya kasa cewa ko ɗaya, kuma har yau in an tambaye shi ba ya iya rantsewa.

Kafin rana ta yi tsaka Barkono ya cika.

Bayan mako guda Tela ya je zauren da rana kwaso kayansu. Kujeru a kife, mai shara tana goge dandamali. A tsakiyarsa akwai alama biyu ta farin fenti, taku ɗaya tsakaninsu, inda kowannensu yake tsayawa. Ta hagun ta kusa shafewa, don Barkono ba ya iya tsayuwa ba tare da goga ƙafa ba. Mai sharar ta kawo tsummanta kusa, ta ɗago ta ga Tela, sai ta kewaye wurin ta ci gaba.