Muntasir Yana Wurin Inaya

Ni dai ban yi ƙarya ba. A fara riƙe wannan.

Shekarar korona ce, bayan ƙaramar salla, lokacin da ba a barin mutane fita sai da safe. Gidanmu a unguwar Umbadda mu uku ne: ni, da jikata Ummi, da mijinta Muntasir. In za a haɗa da cikin Ummi, wata bakwai, to mu huɗu. Muntasir aikin jinya yake a wani asibiti nan Omdurman, a ɗakin da ake kai wanda numfashi ya gagara. Da Larabci ana ce wa ɗakin inaya. Akwai wata doguwar kalma da ake liƙa mata a baya, amma ba mai wahalar da bakinsa. Inaya kawai.

Tunda ciwon ya shigo, yaron nan ya daina kwana a gida. Ya ce ba zai ɗauko abin a rigarsa ya kawo wa mai ciki da tsohuwa ba. Na ce wace tsohuwar? Ya ce ta maƙwabta. Ran Juma'a yake zuwa, ya tsaya a waje bayan katanga. Katangar tamu gajera ce. Ummi ta ɗora masa wankakkun kaya da kisra, wainar dawarmu ta nan, da miyar kuɓewa, ta ja da baya, shi kuma ya matso ya ɗauka. Daga nan su tsaya suna kallon juna, magana kaɗan, murmushi da yawa. Ni ina kan gadon igiya a tsakar gida, barci nake, ku tambayi kowa. Duk mako Ummi ba abin da take jira sai wannan tsayuwar.

Sai Ɗantsoho. Shi ne kakan Ummi na wajen uba, ni ta wajen uwa, shi Jiddo take ce masa, ni Habboba, kuma taubashina ne, tun ba mu san ɗaura zane ba muke tsokanar juna. Uban Ummi ya rasu, don haka shi ya ba da aurenta. Malami ne, Larabcin littafi fal cikinsa, amma bai taɓa taka ƙofar asibiti ba, kunnensa na hagu kuma ya daɗe da ajiye aiki. A wurinsa korona mura ce ta masu jin daɗi, a turara bagaruwa ta wuce. Duk gidan makoki a unguwarsu Alsawra shi ne a gaba, yana rungumar mutane yana buga musu kafaɗa.

Wata Talata ya faɗo mana da safe. Na dafa masa jabana, gahawarmu ta nan, na tura masa kofin da bakin tire, don ban san gidan gawa nawa hannun nan ya zaga ba.

"Ke Hansatu, ina mijin yarinyar nan? Zuwana uku ban gan shi ba."

Na ce, "Yana wurin Inaya."

To, na ɗan sauke murya. Na kuma waiwaya ƙofar ɗakin Ummi. Wannan na yarda na yi. Amma maganar gaskiya ce.

"Wace Inaya?"

"Ni ma ban taɓa ganinta ba. Wata biyu ke nan can yake kwana. Ya ce ba ta barinsa ya runtsa."

"Ya ce? Da bakinsa?"

"Da bakinsa. Ka ga yadda ya rame kuwa?"

Nufina ya ɗan kumbura, in yi dariyata, in faɗa masa kafin jabanar ta huce. Sai mutumin nan ya dire kofi ya ƙwala kira.

"Amarya! Fito nan. Haɗa kayanki. Jibi Alhamis zan zo da mota, Alsawra za ki koma. Shi kuma ya same ni can da takardarki."

Ummi ta fito tana riƙe da baya. Da ta gane zancen ta yi dariya har da hawaye.

"Jiddo, inaya ɗaki ne! Ɗakin marasa lafiya!"

"Haka ya ce miki? Allah sarki. Ɗaki ne zai hana namiji kwana a gida wata biyu? Na san Inaya uku a garin nan, duk da ƙafafu suke yawo."

Na ce, "Kai Ɗantsoho, wasa nake maka. Yarinyar ta faɗi gaskiya."

"Ke rufe mini baki. Shekara saba'in ina jin ƙaryarki. Yau ɗaya gaskiya ta kufce miki, kina so ki haɗiye ta."

Ya kaɗa rawani ya fice.

Dariyar Ummi ta tsaya a nan. Ta kira Muntasir ya fi sau goma, wayar a kashe, ba a shiga ɗakin da ita. Ta san kakanta, in ya ce jibi to jibi ne. Gidansa kuma mutum talatin ne, ban da masu zuwa ɗaukar karatu da masu zuwa tari. A can za ta haihu ke nan, kuma Juma'a Muntasir zai zo ya tarar da katanga ba kowa. Ta wuni ba ta yi mini magana ba. Da ta kawo mini abinci sai ta ce, "Habboba, ke kika ƙulla. Ki kwance."

Laraba da sassafe na ɗaura tob ɗina, wato lafaya, na sa kamama, takunkumin nan, a hanci, na tari raksha mai ƙafa uku har Alsawra. Na same shi yana turara bagaruwa a ƙofar gida.

"Tashi mu je. Ka yanke hukunci ba ka ga matar ba. Ko tsoronta kake?"

Da wannan kalmar nake juya shi tun yana yaro. Ya shigo raksha.

A ƙofar asibiti mai gadi ya tare mu. Ɗantsoho ya gyara murya, ya zubo Larabcinsa na mumbari.

"Ina Inaya take?"

"Can ƙarshen baranda, ya Haj. Amma ba a shiga."

"Maza nawa ne a wurinta?"

"Yau? Sha huɗu. Wasu suna layi."

"Innalillahi! Kuma hukuma ta sani?"

"Hukuma ce ta buɗe ta. Ka yi addu'a kada ka kai gare ta, ya Haj. Jiya biyu aka fitar a kan makara."

Ɗantsoho ya kalle ni. Ni na kalli sama, akwai wani tsuntsu.

Na roƙi mai gadin ya aika a ce wa Muntasir kakanninsa sun zo. Ya ce sai dai mu zaga ta baya mu tsaya nesa da taga, kuma ba mai wuce shi da hanci a buɗe. Ya miƙa wa Ɗantsoho kamama. Ya sa ta a juye, igiya ɗaya a kunne, ɗaya a rawani.

Mun tsaya cikin rana har inuwa ta gudu. Can sai ga mutum a taga, a rufe tun daga kai har ƙasa, shuɗiyar riga mai faɗi, hula, safar hannu, fuska ba a ganin komai sai idanu a bayan gilashi. Ɗantsoho ya dafe sandarsa ya matsa taku ɗaya.

"Ke baiwar Allah! Ke ce? Kin rufe jiki kamar ta kirki! Ki ji tsoron Allah, yaron nan matarsa na da ciki. Sha huɗu ba su ishe ki ba?"

Mai shuɗiyar riga ya ce, "Jiddo, ni ne."

"Me ta ce?"

"Cewa ta yi ita ce Muntasir," na faɗa masa a kunnen kirki.

Yaron ya ce yanzu ya sa kayan zai shiga, amma ya ɗaga gilashin, ya ɗan janye kamamar don a gan shi. Karan hancinsa ya yi gyambo, kumatu duk sawun igiya, gumi na zuba kamar an juye masa tulu. Ya ce wuta ta ɗauke sau biyu da safen nan, da hannu suka dinga hura wa mutane iska.

"Jiddo, Ladan Uthman na masallacinku yana nan. Gado na uku. Ni na juya shi ɗazu."

Ladan Uthman ne suka zauna tabarma ɗaya da Ɗantsoho a makoki, kwana tara da suka wuce. An ce wa Ɗantsoho mura ce, ladan yana gida yana hutawa.

Ɗantsoho ya kai hannu ya ciro igiyar daga rawani ya maƙala a kunne.

"Yana magana?"

"Kaɗan. Ka yi masa addu'a. Kai kuma ka zauna a gida, don Allah. Ba ni da gadon da zan ba ka."

"To koma bakin aikinka, ka tsaya surutu da tsofaffi."

A cikin raksha ya manne can gefe, kamar ni ce ciwon. Sai da muka kusa Alsawra ya yi magana, yana kallon titi.

"Ki ce wa yarinyar nan ta kwance kayanta."

"Ba ta ɗaure ba."

"Kuma duk wanda ya ji abin da na faɗa a tagar can, na san bakin da ya fito."

Na ce Allah ya kiyaye. Mutum huɗu kaɗai na faɗa wa.

Juma'a Muntasir ya zo katanga, ya tarar da kwano biyu, ɗaya daga gidan Ɗantsoho. Ladan Uthman ya fita bayan mako uku, da ƙafarsa. Ummi ta haifi mace, Ɗantsoho ya raɗa mata Nana Aisha ta waya, daga ɗakinsa. Ni dai ban taɓa kiranta da wannan sunan ba, Inaya nake ce mata. Yanzu in ya bugo ya ce ina Muntasir, sai in sauke murya in ce yana wurin Inaya, kuma ba ta barinsa ya runtsa.