Mai Kashe Wutar Gada

A tashar jiragen ruwa ta wata ƙungiya da ke bakin tafki, kudu da garin Sneek, akwati ɗaya ne ke raba wutar lantarki ga duk jiragen da ke ɗaure a gadar katako. Tun shigowar sanyi makunnin tsaron akwatin ya tsiri faɗuwa, kuma in ya faɗi, wutar kowa ta ɗauke.

Ba a sha wahalar gano mai laifi ba. Tjerk Bouma kaɗai ke kwana cikin jirginsa rani da hunturu, jirgin tsohon ƙarfe ne, kuma mutumin ba ya zuwa liyafar ƙungiya. An sha hukunta mutane a tarihi da hujjar da ba ta kai wannan ba.

Sjoukje, shugabar kwamitin tasha, ta zo ta tsaya a kan gada, ba ta taka jirgin ba.

"Maƙwabci, ba fa wanda ya ce kai ne."

"To me ya kawo ki?"

"Na zo ne in gaya maka ba wanda ya ce kai ne. Sai dai in ba ka gyara ba kafin taron ƙungiya, za mu buƙaci wurin nan."

Tjerk ba shi da wani gida. Na tudu ya rabu da shi tun rasuwar matarsa. Saboda haka ya duƙufa. Ya cire hita, ya cire firij, ya cire cajar batir, ɗaya bayan ɗaya. Ya kwance filogi ya duba ko ruwa ya shiga, ko ƙarfen ya yi kore. Ya bi wayar taku-taku yana auna ta da mita. Ya kwanta rubda ciki a ƙarƙashin daɓen jirgi har bayansa ya riƙe. Abin da ya samu kawai wani cokalin shayi ne da aka taɓa yin rigima a kan ɓatansa.

Daga nan ya yi abin da bai gaya wa kowa ba. Ya zare wayar daga jikin jirginsa, ya naɗe bakinta da leda, ya tura ƙarƙashin tamfol, ya bar sauran shimfiɗe a kan gada kamar kullum. Ya riƙa kwana da riga kan riga, numfashinsa na hayaƙi. Wutar gada kuwa lafiya lau.

Ran Asabar 'yan ƙungiya suka zo aikin gayya, masu kankare tsatsa, masu shafa fenti. Da hantsi Sjoukje ta kaɗa ƙararrawar shan kofi. Kowa ya ajiye abin da ke hannunsa, ya shige jirginsa, ya jona butarsa ta lantarki, don a nan ba a ɗora wa maƙwabci nauyin kofinka. Butoci suka fara kuka a tare. Sai ƙas! Gada ta yi tsit.

Jelle, mai farin jirgin da ke gefen na Tjerk, ya leƙo da kofi a hannu.

"Kai tsoho! Me ka jona kuma? Injin walda?"

"Zo ka gani da idonka, mai tumbi."

Tjerk ya jira har suka taru. Ya ɗaga tamfol a hankali, ya ɗago bakin wayar cikin ledarsa, kamar wanda ya kamo kifi.

"Rabona da wutarku tun wancan makon. Butocinku ne."

A taron ƙungiya kowa ya tofa albarkacin bakinsa, wasu har sau biyu. Batun sayen babbar waya aka miƙa wa wani kwamiti da za a kafa in bazara ta zo. Tjerk ya ce to a riƙa shan kofin bi da bi mana. Aka dube shi kamar ya ce a ɗage Kirsimeti.

"Kofi tare ake sha," in ji Jelle. "In ba haka ba ina amfanin ƙungiya?"

A ƙarshe aka amince baki ɗaya cewa ba laifin kowa ba ne. Tjerk zai ci gaba da zama a wurinsa, aka tafa masa. Kuma tunda ya nuna yana iya rayuwa ba wuta, zai riƙa zare tasa duk Asabar don a samu sarari. Kuma tunda yanzu ba wanda ya kai shi sanin akwatin, aka damƙa masa makulli.

Asabar ta gaba ana yayyafi mai sanyi. Tjerk na tsaye gaban akwati, hula ta jiƙe, makunni na faɗuwa yana tayarwa. Sjoukje ta zuge tagar jirginta.

"Ka gani ko, maƙwabci? In dai an zauna an yi magana, komai warwarewa yake."

"Akwai sauran ruwan zafi?"

Ta juya ta duba butar.

"Ayya. Daidai kofi ɗaya na tafasa."